Adireshin da Malam Sajo Ya Ƙi Saki

A cikin garin Gwarzo, idan ka bi layin teloli har ƙarshensa, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Babu allo a samansa, masu buƙata sun san wurin. Nan Malam Sajo yake zama shekara goma sha ɗaya ke nan, da kwamfuta ɗaya, da firinta, da bencin masu jira. Yana buga wa mutane takardar neman aiki da katin ɗaurin aure, yana cike musu fom a intanet. Da yamma ya rufe, ya hau babur ɗinsa ya koma rugarsu da ke gefen Masanawa, a ƙasar Kabo. Ana dai ce mata ruga saboda sabo. Gidajen ƙasa ne masu rufin kwano, da gonaki, da 'yan shanun da suka rage.

Dogo ne siriri, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Ɗingishin nan shi ya kai shi makaranta. Saniya ce ta taka shi yana yaro, ƙashin bai haɗu daidai ba, mahaifinsa ya ga ba zai iya bin garke ba, sai ya miƙa shi ga malaman firamare. Daga nan ya koyi tafireta. Ya yi shekara talatin yana buga takardun jarrabawa a wata makaranta a Kabo, har aka daina yayin tafireta aka kawo kwamfuta. Bai ƙi ta ba, bai kuma sake da ita ba. Abin da aka nuna masa shi yake yi, kuma sai ya rubuta shi a wani ɗan littafi mai bangon leda da ba ya rabuwa da aljihunsa. Abin da babu a littafin, hannunsa ba ya zuwa wurin.

Yana da wata ɗabi'a da maƙwabtansa suka daɗe da lura da ita. Ba ya tashi daga wuri ya bar shi haka nan. In ya fita daga sahu zai sake alwala, sai ya ajiye hularsa a inda yake. In ya sauka daga mota zai sayi ruwa, sai ya bar laimarsa a kujera, ko da kuwa motar ba kowa. Ɗanladi tela, wanda shagonsa ke jikin nasa, ya ce ranar da za a ɗauki Malam Sajo zuwa makwanci sai ya roƙi a bar masa hula a kan gado.

Malam Sajo yakan yi murmushi kawai. Ba kowa yake ba wa labarin ba.

Yana ɗan shekara tara, a wajen Lakwaya suke zaune. Wata shekara rani ya yi tsanani, mahaifinsa ya je wurin mai gari ya ce za su yi kudu da shanu, sai ruwa ya sauka za su dawo. Aka ce masa ya tafi, wurinsa na nan, wa zai taɓa masa? Da suka dawo, dawa suka tarar ta kai gwiwa a inda bukkokinsu suke, an kewaye da ƙaya. Sajo yana kan jaki saboda ƙafarsa, don haka ya fi kowa ganin gonar. Mahaifinsa ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya juya kan shanu. Haka suka zo Masanawa. Tun daga ranar tsohon bai ƙara yin ƙaura ba. Shekarar da ciyawa ta yi wuya, ya gwammace ya sayar da shanu da ya ɗaga ƙafa. A nan ya rasu, a nan aka binne shi, amma babu takarda ko ɗaya da ta ce wurin nasu ne.

To, a damanar bara aka kafa wani kwamiti da zai auna wuraren da makiyaya suka daɗe da zama, a ba kowane gida takardarsa. Sharaɗin ɗaya ne: sai sunan gida ya shiga shafin kwamitin na intanet kafin ƙarfe huɗu na yammacin wata Alhamis. Gidan da bai shiga ba, masu awo za su wuce shi. Tun da Malam Sajo ɗan rugar ne kuma yana da shago, a kwamfutarsa aka sa manhajar, aka ba shi 'yar na'urar ɗaukar yatsa. Kwana uku magidanta suna zuwa yana ɗaukar hotunansu da yatsunsu yana adanawa. Ya fara da dattawa, ya bi da na ƙasa da su, ya sa gidansa a ƙarshe, na goma sha takwas. Sai ran Laraba Goggo Sabuwa, matar ƙanin mahaifinsa, wadda ta rantse ba mai ɗaukar mata yatsa tun da ba sata ta yi ba, ta sauko ta zo. Ta zama ta goma sha tara.

Aikawa kawai ta rage. Ita kuwa sai da intanet, gida ɗaya bayan ɗaya, kowanne kusan minti biyar saboda nauyin hotuna. Ya ƙiyasta a ransa, awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Ya ce Alhamis da safe zai gama kafin rana ta yi zafi.

Sai dai ran Talata wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone masa rauta, wato ɗan akwatin da ke kawo intanet cikin shagon. Laraba da yamma ya samo sabuwa, ya zare kebul daga tsohuwar ya soka a cikinta. Fitilunta suka kama, kore shar. Wayar Ɗanladi ta kama, tasa ma ta kama. Ya rufe shago ya tafi gida hankali kwance.

Alhamis da hantsi ya kunna kwamfuta, ya buɗe manhajar, ya danna gidan farko. Bai tafi ba. A can ƙasan allo, kusa da agogo, wata 'yar alama ruwan ɗorawa ta fito. Ya kai kibiya kanta, ta ce an haɗu amma babu intanet.

Ya kashe ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna. Ya zare kebul ya hura bakinsa ya mayar. Ya buɗe ɗan littafinsa tun daga shafin farko har na ƙarshe, bai ga inda ya taɓa rubuta irin wannan ba.

Ɗanladi ya leƙo, tef rataye a wuyansa.

"Malam na Masanawa, an tashi lafiya? Ya mutanen ruga? Na ji shiru, na ce ko saniyar taka ta ƙi tatsuwa."

"Lafiya lau, Tela. Ya aiki? Ta dai ƙi."

"To ka sa mata ɗan maraƙi a gaba mana. Ba haka kuke yi ba?"

"Kai dai koma ka ci gaba da ɓata wa mutane yadi."

Ɗanladi ya yi dariya, amma da ya ga fuskar maƙwabcin nasa, sai ya ajiye almakashi ya tafi kiran mai gyaran kwamfuta. Ya dawo shi kaɗai. Shagon a kulle, mai shi ya tafi ɗaurin aure, wayarsa ba ta shiga.

Wajen sha ɗaya Goggo Sabuwa ta iso. Ba wanda ya kira ta. Ta ce ta zo ta ga yadda za a tura yatsanta ta cikin iska. Suka gaisa, ya tambayi gajiyar hanya da ciwon gwiwa, ta tambayi kwanan iyali duk da tare suka kwana a ruga ɗaya. Ta zauna a benci ta ɗora sandarta a cinya.

"Ya tafi?"

"Tukuna, Goggo."

"To."

Sai da rana ta take tsaka ya kira 'yarsa Naja'atu, wadda ke aikin kwamfuta a wani asibiti a Kano. 'Yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba, kuma ba ya son ya dame ta a bakin aiki. Ta ɗauka a karo na biyu.

"Baba, ina wuni? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ke, abin nan ne ya ƙi."

Ya yi mata bayani a hankali. Ta sa shi ya buɗe wani baƙin allo da bai taɓa gani ba, babu hoto babu komai sai ɗan layi yana ƙyaftawa. Ta faɗa masa haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya buga ipconfig, ya danna. Lambobi suka fito. Ya karanta mata su da ɗigo-ɗigonsu.

"Yauwa, na gane," in ji ta. "Baba, ba abin da ya lalace. Kowace kwamfuta sai da adireshi take shiga intanet, shi ake ce wa IP, kuma rauta ce ke ba ta. Taka tana riƙe da adireshin da tsohuwar rauta ta ba ta. Sabuwar ba ta san shi ba, shi ya sa ba sa jin juna."

"To yaya za a yi?"

"Layi biyu ne kawai. Ka ɗauko littafinka."

Ya rubuta na farko, ipconfig /release, ya rubuta na biyu a ƙarƙashinsa, ipconfig /renew. Ya tambaye ta ma'anarsu, don ba ya buga abin da bai san ma'anarsa ba.

"Na farko, ka saki adireshin da ke hannunka. Na biyu, ka roƙi sabo."

"In fara roƙon sabon mana, in ya zo sai in saki wancan."

"A'a, Baba, a jere suke. Ai adireshin ba naka ba ne, aro ne. Kamar dai baƙo ya zo gari, mai gari ya nuna masa inda zai sauka. In mai gari ya canja, sai ya tashi, ya je ya gaida sabon, a sake nuna masa wuri."

Ta faɗi haka ne don ta sauƙaƙa masa. An haife ta a Masanawa, ba ta san Lakwaya ba sai a baki.

Malam Sajo ya ajiye biro a kan littafin.

"In na tashi bai nuna mini ba fa?"

"Zai nuna. Baba, ana kirana, za mu shiga taro. Ka buga kawai, minti ɗaya ne."

Ta kashe.

Ya buga layin farko a baƙin allon, harafi bayan harafi, ya duba littafi ya duba allo sau uku. Daidai yake. Saura ya danna babban maɓallin nan na dama. Yatsansa ya je kansa ya tsaya.

Gidaje goma sha tara ne a cikin kwamfutar nan. Fuskokinsu, da yatsunsu, da shekarun da kowa ya yi a wurin. Kansa ya san adireshi daban, hotuna daban. Ya san 'yarsa ba za ta faɗa masa abin da zai cuce shi ba. Amma yanzu ko ba komai yana da lamba a hannu. Bayan ya danna, sai abin da aka ga dama aka ba shi. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

Aka kira azahar. Ya ajiye hularsa a kan kujera ya tafi masallaci da kai a buɗe, ya dawo ya tarar da layin yana nan yana jiransa. Ya kira Naja'atu, waya a kashe. Ya sake zare kebul ya hura. Ya goge allon da gefen rigarsa. Ya juya rauta ta fuskanci ƙofa.

Ɗanladi ya shigo ya tsaya a kansa.

"Wai me ake jira? Ba yarinyar ta faɗa maka ba?"

"Ta faɗa."

"To danna mana! Ko in danna maka?"

"Kada ka taɓa."

"Ikon Allah. Mutum ya yi shekara talatin yana dukan tafireta kamar ta ci masa gona, yau maɓalli ɗaya ya gagare shi. Goggo, ki yi masa magana, ɗanki ne."

Goggo Sabuwa tana nan a bencinta. Goro take ɓantara da ɗan abin da ya rage mata na haƙori.

Ƙarfe biyu ta wuce. Wani ya zo da takardar da za a buga masa, Malam Sajo ya ce ya dawo gobe. Agogon ƙasan allo yana ta tafiya, shi kuma yana kallonsa. Ya san lissafin, shi ya yi shi da kansa. Ya ga lokacin da awa biyu ta rage, ya ga lokacin da ta fara gutsurewa, bai iya komai ba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

Biyu da kwata ta gota, tsohuwar ta tofar da tuƙar goro a bakin ƙofa.

"Sajo."

"Na'am, Goggo."

"Na ji abin da yarinyar nan ta ce, wayar taka ba ta da sirri. Lakwaya kake tunawa."

Ya sunkuyar da kai.

"Kai kana kan jaki. Ni ina ƙasa, da ƙwarya a ka da goyo a baya, amarcina ko shekara biyu bai yi ba. Na fi ka ganin dawar nan, don ni na share wurin da hannuna kafin mu tafi." Ta gyara zaman sandarta. "Babanka har ya koma ga Allah yana cewa tashin da ya yi ne. Ban taɓa musa masa ba, yayan mijina ne. Amma da bai tashi ba shanun ne za su mutu. Abin da ya rasa, ba wanda ya rubuta. To ga shi Allah ya karya maka ƙafa ya ba mu mai rubutu, ka zo ka zauna kana gadin lamba."

Ɗanladi ya buɗe baki zai yi dariya, ya fasa.

Malam Sajo ya dubi allon. Ya ce bismillahi can ƙasa-ƙasa, ya danna.

Rubutu ya gudana, ya tsaya. Inda lambar take, babu komai. Ya buga layi na biyu, ya yi kuskure a harafi ɗaya, ya goge ya sake, ya danna.

Shiru. Ɗan layin yana ta ƙyaftawa. Keken wani tela yana ta sukuwa a can gaba. Malam Sajo bai san ya miƙe tsaye ba sai da ya ji ƙafar hagu tana masa zogi. Ba a fi a ƙirga goma ba, amma shi ya isa ya ga jaki, da ƙaya, da ƙeyar mahaifinsa.

Sai lambobi suka fito. Kusan irin na dā, ɗan bambanci kaɗan a wajen ƙarshe. Alamar ruwan ɗorawa ta ɓace.

"Shi ke nan?" in ji Ɗanladi. "Wannan ne abin da muka wuni a kai?"

Ƙarfe biyu da rabi daidai.

Ya zauna ya fara aikawa. Gidan farko ya tafi, wani koren layi yana rarrafe daga hagu zuwa dama har ya cika. Na biyu. Na uku. Ba yadda za a sa shi ya yi sauri. Ɗanladi ya koma shagonsa ya dawo ya fi sau biyar. A gida na goma ya sunkuyo ya rage murya.

"Malam, lokacin nan ba zai kai ba. Tsallaka ka tura naka, sannan ka ci gaba."

"Na wa zan tsallake?"

"Ko na wa! Kai kake aikin."

Malam Sajo ya dubi sunan da ke gaba. Mutumin da ya goya shi ne ranar da saniya ta taka shi. Na bayansa, tare suka haƙa kabarin mahaifinsa. Ya danna na goma sha ɗaya.

Aka kira la'asar yana kan na goma sha shida. Na goma sha bakwai ya cika saura minti shida ƙarfe huɗu. Sunaye biyu suka rage a allon, nasa a sama, na Goggo Sabuwa a ƙasa. Ita ba ta iya karatu ba, ba ta san yadda jerin yake ba. Tana dai zaune ta zuba wa koren layin ido.

"Sajo, nawa ya tafi kuwa?"

"Yanzu zai tafi, Goggo."

Ɗanladi ya ja numfashi ya fita.

Nata ya cika saura minti ɗaya. Ya danna nasa. Koren layin ya taso, ya ɗan yi tafiya, bai kai ko rabi ba ya tsaya. Wani rubutu ya fito a tsakiyar allo, an rufe karɓa, ana godiya.

Ya daɗe yana karanta shi, ko da yake gajere ne.

"An gama?" in ji tsohuwar.

"An gama."

"To madalla. Ashe ba wuya." Ta dogara sanda ta miƙe. "Allah ya yi maka albarka. Ka zo ka sa ni a mota."

Ya raka ta bakin titi, ya dawo ya yi sallah, ya zauna. Wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, yanzu muka fito. Ya yi?"

"Ya yi. Yadda kika ce, minti ɗaya."

"Alhamdu lillahi! Duk sun tafi?"

"Na Goggonku ma ya tafi."

"Namu fa?"

"Ke, ki gaida mutanen gidan," in ji shi. "Kada ki makara a hanya."

Washegari ya buga takarda zuwa ga kwamitin da hannunsa, mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya, ya kai. Aka karɓa aka ce za a duba. Da kaka masu awo suka zo Masanawa da igiyoyinsu, suka kafa turaku a gidaje goma sha takwas. Da suka zo na Malam Sajo suka duba takardarsu, suka gaishe shi da ladabi, suka zagaya ta bayan danga suka wuce. Ya ba su ruwa sun sha.

Har yanzu yana shagon. An ce za a sake buɗe shafin, ba a dai sa rana ba. Kullum da safe kafin ya taɓa aikin kowa sai ya leƙa. Layukan nan biyu suna cikin ɗan littafin, ya ja musu layi a ƙasa da jan biro. Sau biyu abin ya sake faruwa tun daga lokacin, kuma duk biyun ya buga su nan take, ko zama bai yi ba.

Hular dai har gobe yana barin ta a sahu. Ɗanladi ya daina tsokanarsa a kan wannan.